Mutum na Goma Sha Ɗaya

Hadiza, ke ce kika fi kowa yaɗa labarin nan, don haka da ke zan fara. Duk taron suna ko walimar da aka yi a garin nan, da an ɗauko zancen yara da ƙwallon Amurka sai ki gyara zama ki ce ai Ummanku ta riga likitoci gano illar wasan, ta hana yayanki Nasiru tun kafin a fara maganar a talabijin. Har karin magana kike ɗorawa, wai abin da babba ya hango yaro ko ya hau rimi ba zai hango ba. Ni kuma ina gefe ina murmushi, don yabo ba ya ɗaci a baki. To yanzu na tsufa, kuma ba na son in tafi da kayan da ba nawa ba. A shekarar nan ban karanta takardar likita ko ɗaya ba. Tsoro ne ya hana ni sa hannu a fom ɗin Nasiru, tsoron kuma ni na jawo shi da bakina. Ku zauna ku ji yadda aka yi.

A lokacin muna unguwar East Greensboro a nan Amurka, a gida mai ɗaki biyu wanda ake jin tarin maƙwabci ta bango. Babanku yana tuƙa babbar mota, ya fita Litinin ya dawo Juma'a. Ni kuma ina aikin kula da tsofaffi a gidajensu: wanka, abinci, magani, canza zanin gado. Nasiru yana shekara goma sha shida, siriri, ba ya iya tafiya a hankali ko aikensa ka yi cikin gida. Kocin makarantarsu ya gan shi yana tsere wata rana, ya kira shi gefe ya ce ƙafa irin wannan ba a barinta ta tafi a banza, yaran da suka yi fice jami'a takan ɗauke su karatu kyauta. Ya ba shi fom ya ce uwa ko uba ya sa hannu kafin ranar fara atisaye a watan Agusta, in ranar ta wuce sai a ba wani gurbin. Nasiru ya manna fom ɗin a jikin firij yadda duk wanda zai sha ruwa sai ya gan shi. Babanku ya duba ya ce abin da ya shafi jikin yara na uwarsu ne. Ni kuwa na yi niyyar sa hannu, Allah ya sani. Jan aji kawai nake yi, ina tsokanarsa cewa wane irin wasa ne ƙartai za su taru suna kokawa a kan abu mai kama da gwanda.

A farkon shekarar aka tura ni wani gida a Irving Park, unguwar da bishiyoyi suka fi mutane yawa, ka yi tafiyar minti goma ba ka ga kowa a ƙafa ba sai mai yankan ciyawa. Mai gidan sunansa Mista Harlan, Bature ne da ya haura tamanin, matarsa ta rasu, 'yarsa Carol ce take zuwa duba shi sau biyu a mako. Ban taɓa wanke mutum mai girman jikinsa ba. Yatsunsa duk sun karkace, kowanne ya kama gabansa, gwiwoyinsa kuma ɗinki ne a kan ɗinki. Ba ya tafiya sai da abin dogarawa mai ƙafa huɗu. Ya manta sunan matarsa, wani lokaci ya ɗauki Carol a matsayin ma'aikaciyar banki, amma mutum ne mai ladabi, ko cokali ka miƙa masa sai ya gode. Carol ta ce mini a ƙuruciyarsa ɗan wasan ƙwallon Amurka ne na sana'a, kyaftin ɗin wata ƙungiya a wani garin arewa mai sanyi, a zamanin da 'yan wasa ke tafiya a jirgin ƙasa, in kakar wasa ta ƙare kowa ya koma sana'arsa. Shi sayar da kayan gini yake yi.

A cikin duk shekarun da ya yi yana wasa, kaka ɗaya ce ta rage masa a kai. Wani ya juye musu tsohon majigin wasannin kakar a kaset na bidiyo, kuma shi yake kallo tun daga karin kumallo. Hoton baƙi da fari ne, babu sauti ko kaɗan. Sai ka ga dubban mutane da huluna da manyan riguna sun miƙe sun buɗe baki suna ihu, ɗakin kuma shiru sai ƙarar agogon bango. Nakan tsaya da tsintsiya ina kallonsu, in ce a raina duk mutanen nan yanzu suna ƙarƙashin ƙasa. A hankali na haddace kakar kamar ni na buga ta. Wasannin farko da rana ake yi, ciyawa lafiya lau, suna ta cin nasara. Sai fili ya zama taɓo har ba ka bambance rigar wannan da ta wancan. Wasan ƙarshe kuma cikin dusar ƙanƙara aka yi shi, numfashin kowa yana fita kamar hayaƙi. A cikinsu akwai baƙar fata guda ɗaya tak, shi ake miƙa wa ƙwallo ya ruga da ita. A wasan ƙarshen nan mutum biyu suka haɗu suka buge shi, ya kwanta, ya daɗe bai motsa ba. Da ya tashi sai ya nufi ɓangaren abokan hamayya yana tangaɗi. Wani ƙato ya bi shi ya riƙo wuyan rigarsa, ya ɗaga masa yatsu a fuska, sannan ya juya shi ya tura shi cikin 'yan'uwansa. Ƙaton nan Mista Harlan ne. Duk sanda kaset ya zo wurin nan sai ya ce in kawo masa ruwa.

Tun ranar farko Carol ta gargaɗe ni game da la'asar.

Ta ce, "Yamma na yi zai miƙe ya fara kiran sunaye. Abokan wasansa ne, duk sun mutu, shi kaɗai ya rage. Kada ki biye masa. Ki kunna masa kiɗa ko ki ba shi lemo, zai wuce."

Bai wuce ba. Ina idar da sallar la'asar a ɗakin wanki sai na ji murya daga falo, wata murya da ban san yana da ita ba, mai kauri, irin ta mai ba da umarni. Na leƙo na same shi tsaye ya duƙa ya dafa abin dogarawarsa. Ya kira Sonny, ya saurara. Ya kira Moose, ya saurara. Kowane suna ya kira sai ya jira, shirun ya yi tsawo, fuskarsa ta ƙara faɗuwa. Kafin ya kai ƙarshe hawaye yake yi yana dukan ƙarfen da tafin hannu. Na kunna kiɗan, na kawo lemon, ya ture kofin. Kwana uku muna haka.

Ku kun san gidan da na fito a Funtuwa, ko da a baki ne. A wurin mahaifiyata, babba ya yi kira a bar kiran ya faɗi ƙasa babban laifi ne, ko ba kai aka kira ba sai ka amsa ka je ka ce wane ba ya nan. A rana ta huɗu ina naɗe tawul ya ce, "Sonny," bakina ya riga tunanina, na ce, "Na'am." Da Hausa na faɗa, bai kuma tambayi ma'anarta ba. Ya gyaɗa kai ya kira na gaba, na sake cewa na'am. Sau goma na amsa. Bayan na goman ya buɗe baki, ya dubi ƙofar falo, ya daɗe yana dubanta, sannan ya rufe bakin. Ya faɗi wasu lambobi na wasansu, ya tafa hannu sau ɗaya, ya koma kujerarsa. A daren ya cinye abincinsa tas. Na koma gida ina jin kaina, ina cewa Turawa da duk karatunsu sun kasa gane abin da kowace yarinyar Funtuwa ta sani.

Na ba Anti Talatu labari ina dariya. Kun tuna ta, mutuniyar Kafanchan mai waƙa a coci, tare muka fara aikin nan. Ita ba ta yi dariya ba.

Ta ce, "Binta, su waye yake kira?"

Na ce, "Abokansa."

Ta ce, "Masu rai?"

Na ce, "A'a."

Ta ce, "To ke a wa kike amsawa? Ni a garinmu ko sunanki kika ji daga bayan gida ba ki ga mai kiran ba, ba kya amsawa. Ku ba a gaya muku haka ba?"

An gaya mana. Uwar da ta koya mini waccan ita ta koya mini wannan, na ɗauki ɗaya na bar ɗaya. Amma na ce wa Talatu ta bar ni da camfi, mutum ne mara lafiya ina lallashinsa, kuma Carol har ta yaba mini a wurin masu ba mu aiki. Na ci gaba da amsawa wata da watanni.

Abin da na fara lura da shi shi ne ba ni yake kallo ba. In ya kira wani suna sai ya dubi wajen taga, sama da tsawona. In ya kira Moose ya dubi gefen kujera. Kowane suna da wurinsa, wurin kuma ba ya canzawa, da'ira ce suka yi a tsakiyar falon, shi yana cikinta. Na daina ratsa tsakiyar kafet ɗin da yamma, sai in zagaya ta bayan kujera ba tare da na tambayi kaina dalili ba. Na kuma ƙirga 'yan ƙungiyarsu da ke cikin kaset in sun haɗa kai kafin a fara. Goma sha ɗaya ne har da shi, wato goma ya kamata ya kira, kuma goma yake kira. Sai daga baya na gane cewa sunan farko da yake faɗa, Sonny, nasa ne, laƙabin da suke kiransa da shi, kuma shi ma ina amsa masa. Ke nan mutum ɗaya ba a kiransa. A cikin da'irar akwai gurbi ta wajen ƙofa.

Wata rana a watan Yuni miya ta kama mini a kicin, ya fara kira ina can. Na amsa uku daga nesa, na huɗu hankalina ya tafi kan tukunya ban amsa ba. Na saurara in ji kukan ya fara. Maimakon haka sai na ji ya ce, "Yawwa," ya kira na biyar. Na fito da ludayi a hannu na tsaya a bakin ƙofa, ban buɗe baki ba. Ya kira na shida, ya saurara, ya gyaɗa kai. Haka har na goma. Ni dai ban ji komai ba, ba zan yi muku ƙarya ba, babu abin da na ji sai agogo. Amma na karanta Ayatul Kursiyyu a tsaye, miyar ta ƙone. Washegari na koma amsawa da ƙarfi, don na fi son in ji muryata a ɗakin.

Ranar da abin ya faru, saura kwana ɗaya a rufe karɓar fom. Motata tana wurin makaniki, Nasiru ne zai zo ɗaukata da tsohuwar motar babanku. Da safe ya tsare ni a ƙofa.

Ya ce, "Umma, gobe ne fa deadline. Please."

Na ce, "Ka taho da shi in ka zo ɗaukata, zan sa maka a mota. Amma ka jira ni a waje, gidan mutane ne."

Ya yi tsalle har ya taɓa silin. Ban manta ba.

Zafi ya yi yawa a ranar, motar kuma ba ta da sanyi, ga shi ya iso da wuri. Ya gaji da zama, ya ga ƙofar gefe a buɗe. Ni ina falo ina amsa na takwas, na tara, na goma. Mista Harlan ya buɗe baki ya juya wajen ƙofa kamar kullum, sai ga Nasiru a tsaye a wurin, gumi ya jiƙa masa riga, fom a hannu, yana sallama ƙasa-ƙasa. Na ga fuskar tsohon ta canza. Wata shida ina wanke fuskar nan ban taɓa ganinta haka ba, kamar wanda ya daɗe a tasha motar da yake jira ta iso.

Ya ce, "Wendell."

Na buɗe baki in ce kada ka amsa. Ban san da wane harshe zan faɗa ba, kuma na makara. Ni na rene shi. Ni ce na sha murɗe masa kunne tun yana ƙarami a kan babba ba ya kira a tsaya ana kallonsa. Ya cire hularsa ya ce:

"Yes, sir."

Mista Harlan ya saki abin dogarawarsa. Mutumin da ba ya iya zuwa banɗaki sai na riƙe shi ya taka har bakin ƙofa da ƙafarsa, ya riƙo wuyan rigar ɗana, ya ɗaga masa karkatattun yatsunsa a fuska.

Ya ce, "Nawa ka gani?"

Nasiru ya ce biyu.

Ya ce, "Lafiyarka lau. Koma ciki, muna buƙatarka."

Ya juya shi ta kafaɗa ya tura shi, daidai yadda na gani a kaset sau ɗari, ya tsayar da shi a gurbin nan na wajen ƙofa. Nasiru ya dube ni yana danne dariya, ya duƙa ya dafa gwiwa don ya faranta wa tsoho rai. A bayansu talabijin tana nuna dusar ƙanƙara da mutane masu ihu babu sauti. Mista Harlan ya bi da'irar da ido ɗaya bayan ɗaya har ya zo kan ɗana, ya ce, "Mun cika." Ya tafa hannu. Na zaunar da shi, na jira mai karɓata ta iso.

A mota Nasiru yana ta zuba, wai tsohon ya burge shi, wai ashe gidan tsohon ɗan wasa nake aiki ban taɓa faɗa ba. Ya ɗora fom a kan cinyata ya miƙo mini biro. Na dubi layin da aka bar wa sunana. Na naɗe takardar biyu na sa a jaka.

Ya ce, "Umma?"

Na ce, "Ba zan sa ba."

Ya ce, "Kin yi alkawari. Da safen nan kika ce."

Na ce, "Na ce, yanzu kuma na fasa. Ja mota."

Ya tambaye ni dalili har muka iso gida, da Hausa, da Turanci, da kuka. Me zan ce masa? In ce wani tsoho mai ciwon mantuwa ya kira ka da sunan wani ka amsa? Shi da aka haifa a asibitin garin nan dariya zai yi, ko ya ce uwarsa ta taɓu. Ya kira babanku a waya yana hanya, babanku ya ce a ba ni.

Ya ce, "Binta, me ya faru?"

Na ce, "Malam, kullum ina wanke mutumin da wasan nan ya cinye wa ƙwaƙwalwa. Bai san 'yarsa ba. Haka kake so ɗanka ya ƙare?"

Gaskiya ce na faɗa, amma ba ita ce dalilina ba, don wata shida ina ganin hakan kuma da safen ranar a shirye nake in sa hannu. Nan ne labarin da Hadiza take bayarwa ya samo asali. Babanku ya ce wa Nasiru ba zai sa hannu a abin da uwarsa ta ƙi ba, in wani abu ya faru ba shi da inda zai sa kansa. Da yaron ya so da ya kwaikwayi sa hannuna, don ba wani sa hannun kirki ba ne, babbar 'yata, yayarku, ma ta ba shi shawarar haka, na ji ta ta bango. Bai yi ba. Washegari ya je ya gaya wa koci da bakinsa, aka ba wani yaro mai suna Terrence gurbin.

Da Carol ta zo na tambaye ta wane ne Wendell. Ta ajiye jakarta a hankali ta ce a ina na ji sunan. Ta ce tunda aka haife ta ba ta taɓa jin sunan a bakin mahaifinta ba, a bayan wani hoto ta gan shi, mahaifiyarta ce ta ba ta labarin sau ɗaya ta ce kada ta sake tambaya. Wendell, baƙar fatan nan na cikin kaset, ya ƙarasa wasan nan a tsaye, don a zamanin mutum irinsa in ya zauna a benci sau ɗaya ba lalle ya sake samun wurinsa ba. Aka cinye su. Suka hau jirgin ƙasa za su gida, ya ce kansa yana ciwo, ya jingina da taga ya yi barci. Da aka iso aka tashe shi bai tashi ba. Mista Harlan ne a kujerar kusa da shi.

Na sani, kuma kuna iya faɗa mini, cewa babu wani abin mamaki a nan. Tsoho ya ga saurayi baƙar fata siriri a bakin ƙofa, ƙwaƙwalwarsa ta haɗa shi da wanda ta daɗe tana nema. Na faɗa wa kaina haka sau dubu. Amma ga abin da ban iya ajiyewa ba: daga ranar Mista Harlan bai sake kiran kowa ba. La'asar ta yi, in idar da salla in tsaya ina jira, shi kuwa yana zaune hannu a cinya, fuskarsa a sake kamar wanda ya sauke kaya. Kaset ɗin ma ya daina nema. Carol ta ce sabon magani ne ya karɓe shi. Kafin ganyen bishiyoyin unguwar ya gama zuba ya rasu a kujerar nan da rana tsaka, ina yanka masa tuffa. A raina an riga an ƙirga ɗana a cikin mutum goma sha ɗaya da goma daga cikinsu ke kabari, na ƙarshensu kuma ya bi su. Duk kakar wasan nan ban bar Nasiru ya yi barci a mota ba. In ya ce kansa yana ciwo sai in zauna a gefensa in hana shi kwanciya. Na yi sadaka, na sa an yi masa addu'a a masallaci ban faɗi dalili ba.

Shi kuwa bai yi mini rashin kunya ba ko sau ɗaya, kuma da ya yi da ya fi mini sauƙi. Hausa kawai ya daina yi da ni. In yi masa magana ya amsa da Turanci, a taƙaice, da ladabi, kamar ma'aikacin kanti. Ranar Juma'a da yamma in makarantarsu tana wasa ana jiyo gangunan filin wasa daga gidanmu, sai ya rufe taga ya ɗauki littafi, shafin kuma ba ya juyawa. Ya daina gudu. Yaron da ba ya iya tafiya a hankali ya koyi tafiya a hankali, ina kallo. Ya gama makaranta, ya koyi gyaran na'urar sanyaya ɗaki, ya tafi wata jiha mai nisa. Da muka sayi gidan McLeansville ɗakin da muka ware masa bai kwana a ciki sau goma ba. Yana da sana'a, yana da mata da 'ya'ya, yana kira duk ranar Lahadi. Alhamdu lillahi. Amma ni na san ɗan da nake da shi kafin ranar nan, kuma ban sake ganinsa ba.

Yanzu ga abin da ban taɓa gaya wa kowa ba, har babanku Allah ya jiƙansa. Na bi diddigin Terrence. Na san jami'ar da ta ɗauke shi, na san ya yi wasa shekara huɗu a can, na san ya dawo garin nan ya yi aure. In na haɗu da wadda ta san uwarsa sai in tambaya, da muryar mai fatan alheri, ya Terrence, yana lafiya? Kullum a ce lafiya lau. In ce madalla.

Bara na haɗu da shi a kantin sayen abinci. Shi ya gane ni. Ya zama babban mutum, da furfura kaɗan a gemu, 'yarsa a kan kafaɗa. Ya karɓi kayana ya kai mini mota. Ina tafe a gefensa ina yi masa tambayoyi: sunan kocinsu, titin da muke a da, wace mota Nasiru yake ja. Ya amsa duka yana dariya, har launin motar ya tuna da ƙofar da ba ta buɗewa ta waje. Da ya rufe but ɗin motar sai ya ce:

"Mama, ki gaida Nasir. Ya fi ni gudu nesa ba kusa ba, kowa ya sani. Har yau nakan ce wurinsa na ci."

Na shiga mota na kasa tayar da ita. A nan na gane abin da nake yi da tambayoyin nan. Gwada shi nake yi, ina neman inda ƙwaƙwalwarsa ta tsage. Shekara ashirin ina jiran ɗan wata mata ya lalace don in sami abin da zan nuna wa nawa in ce ka gani. Na ji kunyar Allah, na ji kunyar uwar yaron, na yi kuka a wurin ajiye motoci har wata mata ta ƙwanƙwasa mini gilashi.

Nasiru, kai nake wa magana yanzu. Ban san abin da na tsare ka daga gare shi ba, wataƙila babu komai. Na karɓe maka abin da kake so fiye da komai saboda kalma biyu da ni na koya maka faɗa, sannan na bar ka shekara ashirin kana zaton ilimi ne. Kuma in aka mayar da ni motar nan da biro a hannu, ina jin har yau naɗe takardar zan yi, don haka ban san ko irin wannan neman gafara tana karɓuwa ba. A ranar da na ga Terrence na kira ka daga cikin motar, ba ranar Lahadi ba ce, ka ɗauka da sauri ka ce, "Umma, lafiya?" Na ce lafiya lau, na tambaye ka ko ana ruwa a wajenku. Wannan ce maganar da na kira ka in faɗa.